Tarkacen Imel: Yadda Aka Yi Fama Da Shi Daga Shagunan Intanet Na Samaru Zuwa Wayar Hannu

Ɗalibin da ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a bana, idan ya buɗe imel ɗinsa a waya, abin da zai tarar bai wuce saƙon banki da na makaranta da talla ɗaya ko biyu ba. Ba lalle ya san cewa yayyensa da suka yi karatu a Samaru tsakanin 2001 da 2008 sai sun biya kuɗi kafin su share shara daga akwatinsu ba. Mutum zai sayi tikitin rabin awa a shagon intanet, ya zauna a gaban kwamfuta mai ƙaton baya, ya jira shafin Yahoo ya sauko a hankali, sannan ya fara bi layi-layi yana danna alama a gefen tallar magani da ta agogon jabu da albishir ɗin cin cacar da bai taɓa shiga ba. Kafin ya kai ga wasiƙar da ta kawo shi, agogon da ke kusurwar allo ya cinye rabin kuɗinsa. Kuma sharewar tilas ce, domin har zuwa 2004 akwatin kyauta na Yahoo bai wuce megabayit huɗu zuwa shida ba, na Hotmail kuwa biyu ne kacal. Da zarar ya cika, duk wanda ya aiko maka saƙo sai a mayar masa da abinsa.

Wannan masifa ba a nan aka haife ta ba. A ranar 3 ga Mayu, 1978, wani mai tallar kwamfuta na kamfanin Digital Equipment a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutum wajen 400 saƙo guda a kan ARPANET, kakar intanet ɗin yau. Jama'a suka yi masa ca, abin ya lafa. Sai a Afrilun 1994 wasu lauyoyi biyu, mata da miji, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar taimaka wa mutane shiga cacar bizar Amurka zuwa dubban zaurukan tattaunawa a lokaci guda. Su ne suka nuna wa duniya lissafin: aika saƙo ga mutum miliyan kusan daidai yake da aika shi ga mutum ɗaya wajen kuɗi, don haka ko mutum goma ne suka amsa an ci riba. Wasiƙar gidan waya sai da kan sarki, imel kuwa ba ya neman ko kwabo. Duk tarihin nan a kan wannan bambanci ya tsayu.

Ita wannan cacar biza ta zagayo har Zariya. Tun daga ƙarshen 2003 Amurka ta daina karɓar takardar cacar ta gidan waya, sai ta intanet, kuma aka ci gaba da haka har aka cire Najeriya daga cikin masu shiga a 2013. Duk ƙarshen shekara shagunan intanet na kan titin Sakkwato a Samaru da na wajen PZ a Sabon Gari sukan cika da masu neman sa'a. Sannu a hankali rajistar jarrabawa da duba sakamako da neman aiki duk suka koma can. Mutane da yawa a nan suka sami adireshin imel ɗinsu na farko, kuma ba su ne suka buɗe shi ba. Yaron shago ne ya zaɓi suna, ya ƙirƙiro kalmar sirri, ya rubuta su a guntuwar takarda ya miƙa, wani lokaci ma ya bar kwafi a littafinsa don kada mai shi ya manta.

Daga nan adireshin ya shiga duniya. Ana liƙa shi a kowane fom, ana rubuta shi a fili a shafukan neman aboki, ga kuma saƙonnin "ka tura wa mutum ashirin". Wasiyyar nan da ake jingina wa wani Shehu Ahmad, wai mai hidima a masallacin Madina, wadda malamai suka daɗe da bayyana cewa ƙarya ce, ta baro injin kwafin takarda ta shiga imel. Duk wanda ya tura ta yakan bar sunayen waɗanda suka gabace shi a jere a sama, ɗaruruwan adireshi a buɗe. Masu tattara adireshi don sayarwa ba su da abin da suke so kamar wannan.

Akwai kuma ɓangaren da ke da ɗaci a faɗa. Najeriya ba karɓar sharar kawai ta yi ba, ta fitar da nata nau'in, har duniya ta haddace lambar 419. Sashe ne na kundin laifuffukan da ke aiki a Kudu, mu a Arewa Final Kot muke bi, amma Bature bai san wannan bambancin ba. Wasiƙun sun faro ta gidan waya da fas tun shekarun 1980, har gwamnatin soja ta yi musu doka ta musamman a 1995. Da imel ya zo, kuma Janar Sani Abacha ya rasu a Yunin 1998, sai 'yan damfara suka riƙa rubutu da sunan iyalinsa suna neman wanda zai taimaka a fitar da miliyoyin daloli. Idan ana batun yawa, saƙonnin nan ba su ne suka cika akwatunan duniya ba. A tsakiyar shekarun 2000 Amurka ce kan gaba a jerin ƙasashen da sharar ke fitowa, daga kwamfutocin bayin Allah da aka yi wa kutse ba su sani ba. Amma wasiƙar 419 tana ambaton ƙasarmu da suna, don haka mu tambarin ya bi.

Maganin farko da aka samo shi ne baƙin littafi. A 1997 Paul Vixie ya fara tara lambobin kwamfutocin da ke aiko shara, a 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus a Ingila, kamfanoni da jami'o'i suka riƙa duba jerin suna rufe ƙofa ga duk wanda ke ciki. A kan takarda dabara ce mai kyau. A aikace kuwa, shagon intanet guda da ke amfani da farantin tauraron ɗan'adam yakan fita duniya da lamba ɗaya, ko kujera talatin ke cikinsa. Idan wani ya sayi tikitin kwana ya aika wasiƙun damfara, da safe malamin da ya zo tura sakamakon bincikensa kan masara ko auduga ya gaji laifin. A ganina wannan ne zaluncin da ba a cika ambata ba. Samaru gari ne da ke musayar wasiƙa da masana na duniya tun da aka kafa tashar binciken noma a 1922, shekara arba'in kafin jami'ar kanta, kuma P.M.B. 1044 ba baƙon adireshi ba ne a mujallun kimiyyar noma. Sai ga shi ɗan bincike daga nan na iya aika saƙo ya yi ta jiran amsa, alhali saƙon bai ma isa idon kowa ba.

A Agustan 2002 Paul Graham ya wallafa wata dabara da ta fi wannan adalci. Maimakon a tambayi inda saƙo ya fito, sai a ƙirga kalmomin cikinsa, a gwada su da na saƙonnin da mai akwatin ya taɓa cewa shara ne da waɗanda ya karɓa. Kamar rariya ce da ramukanta ke gyaruwa duk lokacin da aka yi tankaɗe. Gmail ya fito ranar 1 ga Afrilu, 2004 da gigabayit guda kyauta, Yahoo ya faɗaɗa nasa, matsalar cikar akwati ta kau. Maɓallin kai ƙara, wanda ake dannawa a ce saƙo shara ne, shi kuwa ya mayar da miliyoyin mutane malaman na'urar.

'Yan siyasa ma sun taɓuka. Amurka ta yi dokarta a Disamban 2003, a Janairun 2004 kuma Bill Gates ya ce cikin shekara biyu za a gama da matsalar. Ba a gama ba. Zuwa ƙarshen shekarun 2000 ana ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na imel ɗin duniya shara ne, sai da aka rufe kamfanin McColo, masaukin masu watsa shara, a Nuwamban 2008, aka kuma rusa Rustock, rundunar kwamfutocin da aka yi wa kutse, a Maris 2011, sannan aka ga sauƙi. A gida, EFCC ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, wanda a Jami'ar Ahmadu Bello ya karanta shari'a. A 2005 kotu ta ɗaure Emmanuel Nwude kan damfarar wani bankin Burazil dala miliyan 242, dokar 2006 kuma ta wajabta wa masu shagunan intanet yin rajista da hukumar. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta ambaci watsa saƙonnin shara ƙarara.

Lokacin da dokokin suka kankama, kasuwar ta riga ta tashi. Wayar salula da ta zo a Agustan 2001 ta zama kwamfuta a aljihu, shagunan da suka rage suka koma buga takardu da yi wa mutane rajista, sharar kuma ta bi jama'a zuwa saƙon tes. Shi ya sa NCC ta fito da lambar 2442 a Yulin 2016, wadda mutum zai tura wa kalmar STOP a daina damunsa da talla.

Mataki na baya-bayan nan shi ne tantance mai aikowa. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ɗora wa masu aika saƙo da yawa sharuɗɗa, a wajen Google wanda ya wuce 5,000 a rana: ya tabbatar shi ne mai sunan da yake amfani da shi, ya kuma sa hanyar fita daga jerinsa da dannawa ɗaya. Google ya ce yana tare kusan saƙo biliyan 15 kullum. Wannan ne tsarin da ya fi yi wa mutumin Zariya adalci, domin yana kama mai laifi da sunansa, ba ya hukunta unguwa baki ɗaya.

Sai dai abin da ke tsallake rariyar a yau ya fi na da haɗari. Ba ya zuwa da tallar agogo, yakan zo da tambarin banki yana cewa za a rufe asusunka, ko da albishir ɗin tallafin karatu, ko ɗaukar aikin gwamnati, kuma BVN ko lambar katinka yake nema. Tsohuwar al'adar nan ma ba ta mutu ba: har gobe ana miƙa wa mai shago imel da kalmar sirri lokacin rajistar JAMB ko bautar ƙasa, a tafi ba a waiwaya ba. Wanda ke riƙe da tsohon akwatin Yahoo kuwa ya tuna cewa a 2017 kamfanin ya amsa cewa kutsen 2013 ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3.

Don haka, ɗan'uwa, idan wani ya taɓa buɗe maka imel ko ya shiga da hannunsa, ka canza kalmar sirrin yau. Ka ware adireshi ɗaya don banki da makaranta, wani daban don cike-ciken fom. Saƙon damfara kada ka amsa shi ko da zagi ne, domin amsar ce ke shaida musu akwai mutum a gidan. Ka danna maɓallin kai ƙara, musamman idan da Hausa aka rubuto shi, don na'urar ta koyi namu salon. Idan kuma kana jiran takardar shiga makaranta ko kiran ganawar aiki, ka riƙa leƙa akwatin da aka rubuta wa Spam ko da sau ɗaya a mako, domin Gmail kan goge abin da ke ciki bayan kwana 30.