Abin da Jinin Garki Ya Faɗa

A farkon shekarun 1970, ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Duniya da na gwamnatin Najeriya sun yi ta zagaya ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano, yau kuma Jigawa. Zazzaɓin cizon sauro suka zo yaƙa, da feshi da magani. Sai dai jinin da suke tsatsa a yatsun mutane ya zo da wani labarin.

Sakamakon da Alan Fleming da abokan aikinsa suka fitar a 1979 ya nuna kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da amosanin jini, wato SS, amma da wuya a tarar da babba mai shi. Yaran ba sa kaiwa girma. Masu AS kuwa sun fi kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a, domin rabin gadon nan garkuwa ne daga zazzaɓi mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka tun 1954.

Canji ɗaya tak a ƙwayar gado ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su koma kamar lauje. To me ya sa 'yan ɗaki ɗaya, duka SS, wani kullum yana gadon asibiti da ciwon ƙashi, wani kuwa sai jefi-jefi?

Likita Janet Watson ta hango bakin zaren a 1948: jariri ba ya fara ciwo sai nau'in jinin da ya fito da shi daga ciki ya ja baya. Sai a 2007 da 2008 aka gano cewa wata ƙwayar gadon daban, BCL11A, ita ke rufe wannan jinin na tayi. Wanda tasa ta yi sassauci, ciwonsa kan zo da sauƙi. A Kilifi ta Kenya ma, a 2005, an ga abin mamaki: AS na kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro, gadon wata cutar jinin, talasemiya na alfa, ma haka, amma idan suka haɗu a jiki ɗaya sai kariyar ta kusan gushewa. Ashe ƙwayoyin gado saƙa ce, a ja zare ɗaya wani ya motsa.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke rage ƙarfin BCL11A ɗin. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuɗin da ya fi ƙarfin iyayen yaran Garki nesa ba kusa ba.