Shekara 60 Ana Gyaran Rabon Ram a Cikin Kwamfuta

Duk mai riƙe da ƙaramar wayar Android a Gangaren Tudu, ko wata unguwa cikin Keffi, ya san wannan ciwon kai: ka bar WhatsApp ka leƙa Facebook, kafin ka dawo ya rufe kansa. Masu gyara kan ce ram ne ya yi kaɗan. Gaskiyarsu, sai dai akwai kuma batun yadda ake rabon ɗan abin da ake da shi. Wayar da ke da ram giga 2 ba dunƙule ɗaya take kallonsa ba. Yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowace kilobayit 4, ana kiranta shafi, wato shafi 524,288. Mai rabon shi ne kanel ɗin Linux, ƙashin bayan Android, kuma dabarar da yake bi ta girmi yawancin masu wayar.

A Jami'ar Manchesta ta Ingila aka faro. Kafin nan, mai rubuta manhaja shi ke ɗawainiyar tsara abin da zai zauna cikin ma'adana da abin da za a fitar. Tom Kilburn da abokan aikinsa, da haɗin gwiwar kamfanin Ferranti, suka ƙera kwamfutar Atlas wadda ta fara aiki a 1962. Babbar ma'adanarta shafi 32 kacal take ɗauka, kowane mai kalma 512, sauran kuwa suna jira a kan wata gangar maganaɗisu mai juyawa. In manhaja ta nemi shafin da ba ya nan, na'urar ce da kanta za ta ɗauko shi, ta fitar da wani.

Tun da an yanka shafuka, sai a san waɗanne ne babu kowa a ciki, a kuma san yadda za a ba wanda ke son da yawa a jere. Wanda ya kawo mafita a 1963 ba ma injiniya ba ne. Harry Markowitz ne, masanin tattalin arzikin da ya ci kyautar Nobel a 1990, sannan Kenneth Knowlton na Bell Labs ya wallafa bayanin dabarar a 1965. Tsarin tagwaye ke nan. Kamar dillalin fili ne da ke da ƙafa ɗari-ɗari: in mai saye ya ce ya yi masa yawa sai ya raba biyu, ya sake raba rabin, kuma bai yarda ya haɗe gutsure da kowane ba sai wanda aka tsaga su tare.

A Linux jeri 11 ake ajiyewa: na shafi 1, na 2, na 4, na 8, har zuwa 1,024, wato megabayit 4. In an nemi shafi 2 alhali babu sai dunƙulen 8, za a tsaga shi 4 da 4, a ajiye ɗaya, a sake tsaga ɗayan 2 da 2, a miƙa. Ranar da aka dawo da su, sai a duba ɗan tagwayen. In shi ma ba kowa, a haɗe, a sake duba na sama. Gano ɗan tagwayen ba ya buƙatar bincike, lamba ɗaya ake juyawa a adireshin shafin, shi ya sa abin ke da sauri. Asararsa ma a fili take: mai son shafi 5, 8 za a ba shi.

Linus Torvalds ya fara Linux a Helsinki a 1991 a kan furosesar Intel 386, wadda shafinta kilobayit 4 ne, kuma tun a shekarun 1990 kanel ɗin ya rungumi tsarin tagwaye. Har yau ba a sauke shi ba. Abin da aka yi ta yi shi ne rage masa masu zuwa ƙofa. Ƙananan buƙatun da ba su kai shafi ba aka ba su nasu mai rabo, bisa dabarar da Jeff Bonwick na kamfanin Sun ya fitar a 1994. Da kwamfuta ta zama mai furosesa da yawa, sai aka ga duk suna layi a kan makulli ɗaya, domin biyu ba sa taɓa jerin lokaci guda. A 2002 Martin Bligh da Andrew Morton suka ba kowace furosesa ɗan guzurinta na shafuka, ba ta komawa babban jeri sai guzurin ya ƙare, in ta je kuma ta ɗebo da yawa.

Matsalar da ta fi taurin kai ita ce warwatsewa. Na'ura ta kwana biyu tana aiki, rabin ram ɗinta babu kowa, amma a nemi shafi 512 a jere a rasa, saboda kowane dunƙule akwai shafi ɗaya ko biyu da suka tokare a tsakiya. Mel Gorman, ɗan Ailan, wanda ya wallafa littafi guda kan ma'adanar Linux a 2004, shi ya sa abin a gaba. Ya lura shafuka ba halinsu ɗaya ba: na manhajoji ana iya kwashe su zuwa wani wuri, wasu ana iya zubar da su a sake karanto su, na kanel kuwa inda aka dasa su nan suke. Ya ce to a daina cakuɗa su, kowane iri a ba shi yankinsa. An yi shekaru ana kai-komo kafin a karɓa a Linux 2.6.24, a watan Janairun 2008. A 2010 ya ƙara da matsewa: mai dubawa ɗaya ya taso daga ƙasan ma'adana yana tattara shafukan da za su kwasu, wani ya taso daga sama yana neman gurabe, har su haɗu a tsakiya. A ganina wannan aikin ya fi sauran nauyi, don shi ya ba Andrea Arcangeli damar kawo manyan shafuka masu megabayit 2 a 2011, ko da yake masu manhajar Redis sun daɗe suna ba da shawarar a kashe su saboda tsaikon da suke jawowa, kamar yadda masu manhajar MongoDB ma suka yi a baya.

Sai kuma saurin intanet ya tsananta. Jesper Dangaard Brouer ya yi lissafin cewa layi mai gigabit 10 na iya kawo ƙunshin saƙo miliyan 14.88 a daƙiƙa, kowane yana da nanodaƙiƙa 67 kacal. Neman shafi ɗaya-ɗaya ba zai yi ba. A 2021 aka shigar da hanyar karɓar shafuka a sari, ita ma Gorman ne ya jagorance ta.

Galibin gyare-gyaren nan don manyan kwamfutocin kamfanoni aka yi su, waya ta gaje su ne kawai. Nata ciwon daban ne, ƙaranci. In shafuka suka kusa ƙarewa, Android na matse waɗanda ba a taɓa ba kwanan nan a cikin wani ɓangaren ram da ake kira zram, in bai isa ba ya kashe manhajar da ke baya, kuma abin da ya sami WhatsApp ɗin nan ke nan. Manhajojin "share ram" da ake cusa wa mutane ba sa ƙara shafi ko ɗaya, sai ma su sa a sake loda abin da suka kora, batir ya sha wuya. Gyara na gaske shi ne na Yu Zhao na Google, wanda ya shiga Linux 6.1 a Disambar 2022, ya inganta zaɓen shafin da ya kamata a fara ƙwacewa.

Yanzu girman shafin kansa ake taɓawa. Android 15 na 2024 ya fara karɓar shafi mai kilobayit 16, abin da wayoyin Apple suka daɗe a kai. Ram giga 2 zai koma shafi 131,072, ɗawainiyar mai rabo ta ragu. Google ta ce gwajinta ya nuna ƙarin sauri na kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, amma ana cin ƙarin ram na kusan kashi 9. Mai giga 12 ba zai ji a jikinsa ba, mai giga 2 kuwa da wuya ya iya biyan wannan kuɗin.