Gadar Malanbil da Abin da Ta Koya Mana

Tun da Allah ya sake nuna mana zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, bari mu waiwayi tarihin hanyar da muke ci daga gare ta.

Tun kafin zuwan Bature kakanninmu fatake ke ƙetare kogin Isa da jakuna, su kai kanwa Gwanja su dawo da goro. Faransawa sun shimfiɗa layin dogo daga Kotonu, ya iso Paraku a 1936, bai ƙara gaba ba. Shi ya sa kayan Nijar a manyan motoci suka riƙa bi ta Kandi da Gene zuwa Malanbil. A 1958 aka gina gada tsakanin Malanbil da Gaya, kasuwa ta bunƙasa har ta zama ta biyu a Benin bayan Dantokpa.

Sai dai gina gada daban, barinta a buɗe daban. A ƙarshen 1963 rikicin tsibirin Lete ya haɗa Nijar da Dahome, aka kori ma'aikata, aka rufe iyaka. Ba a yanke maganar tsibirin ba sai a 2005, da kotun duniya ta ba Nijar shi, Benin kuma ta amince. Wannan ya nuna mana shari'a ta fi toshe hanya arha.

A 1979 CEDEAO ta yi yarjejeniyar zirga-zirga ba biza. A takarda hanya ta buɗe, amma shingaye ba su ragu ba, kowane da abin da ake miƙawa ba rasit. Daga baya UEMOA ta gina tashar bincike ta haɗin gwiwa a Malanbil don a duba kaya sau ɗaya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, takunkumi ya rufe gadar. Motoci suka yi dogon layi, albasa da masara suka lalace. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Muka koma kwale-kwale kamar kakanninmu, ga kuɗin fito, ga na dako, ga haɗarin ruwa. Manya ke faɗa, mai buhu goma ke biya.

Don haka ba da jawabi muke auna gwamnati ba. Muna duba ko gada a buɗe take, ko an liƙa kuɗin duwan a bango kowa ya gani, ko an gyara hanya kafin damina. Mu ma da namu nauyin: mu biya haraji ta hanyar da ta dace, mu nemi rasit, mu kawo kukanmu ofishin ƙungiya a rubuce, domin muryar mutum ɗaya ba ta kai Kotonu ko Yamai.

Allah ya buɗe hanya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.