Jakadan da Aka Hau wa Kujerar Naƙi

Ranar Litinin 13 ga Disamba, 2021, ina shirya labaran dare sai labari ya shigo daga New York cewa Rasha ta hau kujerar naƙi a kan wani daftarin ƙuduri da Nijar da Ailan suka gabatar wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Na karanta shi cikin jimla uku, na wuce wasanni. Sai daga baya na koma na bi sawun mutumin da ke zaune a kujerar Nijar a ranar, wato Abdou Abarry, wanda kuma shi ne shugaban kwamitin a watan.

Jakadu iri biyu ne a ƙasashenmu. Akwai wanda ake ba muƙamin don ya yi wa jam'iyya wahala, akwai kuma wanda aikin ne ya raine shi tun daga ƙaramin tebur. Abarry na cikin kashi na biyu. Ya yi karatu a cibiyar nazarin hulɗar ƙasashe ta Yawunde a Kamaru, ya yi aiki a ofishin Nijar na New York tun shekarun 1990, ya zama jakada a Beljiyam, sannan ya wakilci Tarayyar Afirka a Abuja da Kinshasa. Da aka naɗa shi wakilin dindindin a 2019, gidan da ya sani ya koma.

Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. An zaɓi Nijar ta zauna a kwamitin a 2020 da 2021. Rabon ƙasar da wannan kujera tun 1980 da 1981, zamanin da Idé Oumarou ke jakada. Kwamitin na da mambobi 15, amma biyar ne masu gida: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Ɗaya daga cikinsu ya ce a'a, magana ta mutu. Sauran goman baƙi ne na shekara biyu. To, me baƙo zai iya cikin shekara biyu?

Abin da Nijar ta zaɓa shi ne ta sa sauyin yanayi cikin maganar tsaro. Ga mutumin Diffa ko Tillaberi wannan ba ya bukatar dogon bayani: ruwa ya ja baya, makiyaya ta ƙuntata, manomi da makiyayi su haɗu a rijiya ɗaya, matashin da gona ta gaza riƙewa ya saurari mai bindiga. Kwamitin da kansa ya taɓa amsa haka a ƙuduri mai lamba 2349 na 2017 game da yankin Tafkin Chadi. Daftarin ya nemi a mai da wannan dubawa ɗabi'ar kwamitin, a kuma sa Babban Sakatare ya kawo rahoto a kai.

A nan ake ganin sana'ar. Nijar ba ta da kuɗin sayen ƙuri'a, ba ta da rundunar tsoratarwa. Jarinta haƙuri ne da sanin ƙa'idojin zaure. Ta haɗa murya da sauran ƙasashen Afirka biyu na kwamitin. Ta jagoranci rukunin ƙwararru kan yanayi da tsaro, da farko tare da Jamus, daga baya da Ailan. Ta ajiye ƙuri'ar sai watan da take shugabanci, kuma ranar 9 ga Disamba Shugaba Mohamed Bazoum ya je da kansa ya jagoranci muhawara a kan ta'addanci da sauyin yanayi. Ƙasashe 113 suka sa hannu a daftarin.

Da aka kaɗa ƙuri'a, 12 suka amince, Sin ta ƙaurace, Indiya da Rasha suka ƙi. Hujjarsu ita ce batun yanayi yana da zaurensa inda kowace ƙasa ke da murya, kuma kai shi Kwamitin Sulhu zai bar shi a hannun 'yan tsiraru. Ban ɗauki wannan hujja wofi ba. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙasa ɗaya daga cikin waɗannan 'yan tsirarun ce ta yi amfani da gatanta ta rushe abin da 113 suka goyi baya.

Shin Abarry ya faɗi ke nan? A lissafin ƙuri'a, ƙwarai. Amma ƙasa daga Sahel ta tilasta wa manya fitowa fili kowa ya nuna inda ya tsaya, kuma hakan na nan a rubuce ga duk jakadan da zai sake ɗauko maganar. A Yulin 2022 António Guterres ya naɗa shi wakilinsa na musamman a Afirka ta Tsakiya, ofishinsa a Libreville.

Ni dai darasin da na ɗauka na sana'ata ne. Tun daga ranar, idan labarin jakada ya zo tebur, nakan tambayi ta wace hanya ya iso kujerar kafin in buɗe makirufo.