Matatar kumfa: yadda ake zaɓenta da kafa ta a akwatin kifin ruwan gishiri

Kifayen teku da murjani ba sa jure ƙazantar da tarwaɗa ko karfasa ke jurewa. Kashin kifi da ragowar abinci suna narkewa a cikin ruwan akwati, su rikiɗe zuwa amoniya, daga nan zuwa nitrat, wanda yawansa ke haifar da gansakuka ya kuma raunana murjani. Matatar kumfa ita ce na'urar da ke kwashe wannan datti tun kafin ya ruɓe. A shagunan ƙasashen da ake Faransanci ana kiranta « écumeur », a na masu Turancin Ingilishi kuwa sikima.

Yadda take aiki

Na'urar dogon bututu ce da ake cusa wa ruwa tare da ƙananan ƙwayoyin iska masu ɗimbin yawa. Sinadaran furotin da maiƙo suna da gefe ɗaya mai son ruwa da wani mai gudunsa, don haka sai su manne a jikin ƙwayoyin iskar. Kumfar ta hau wuyan bututun, ta zube a cikin wani kofi da ke sama, a matsayin ruwa mai duhu da wari. Irin kumfar da igiyar ruwa ke tarawa a bakin teku ke nan.

Gishiri ne ke hana ƙwayoyin iskar haɗewa su zama manya. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, shi ya sa na'urar ke aiki a cikinsa, amma ba ta tsinana abin kirki a ruwan daɗi. Tana kuma ƙara wa ruwan iskar oksijin. Ta yi suna ne tare da tsarin kiwo na Berlin, wanda masu kiwon murjani a Jamus suka yaɗa tun shekarun 1970, inda ake dogara ga duwatsun teku masu rai da matatar kumfa mai ƙarfi.

Ire-irenta

Ta fuskar yin kumfa akwai iri uku da aka fi sani. Mafi tsufa tana hura iska ta cikin guntun katako mai ƙananan ƙofofi. Tana da araha, amma katakon yana toshewa, dole a riƙa sauya shi. Ta biyu ita ce mai tsarin Venturi, inda ruwa ke ratsa ƙuntatacciyar mashiga da ƙarfi ya zuƙo iska. Ta uku, wadda ta fi yawa a kasuwa yanzu, famfonta yana da farfela mai tsinkaye da ke daddatsa iskar. Ba ta cin wuta sosai.

Ta fuskar mazauni, wata ana ajiye ta a ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin akwatin, wata ana rataya ta a bayan gilashi, wata kuma tana zama a cikin akwatin kansa. Mai tanki na ƙasa ya ɗauki ta farko.

Girman da ya dace

A haɗa ruwan akwati da na tankin ƙasa a lissafi. Adadin litar da kamfanoni ke rubutawa a kwali galibi na akwati ne mai kifi kaɗan. Idan kifayen suna da yawa, a sayi wadda aka rubuta wa kimanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwan: akwati mai lita 300 ya samu ta lita 450 zuwa 600. Wuce wannan ma matsala ce, domin wuyan babbar na'ura yana da faɗi, dattin ba zai isa ya riƙe kumfar ta hau ba. Ƙaramin akwati mai kifi biyu ko uku yana iya zama ba tare da ita ba, muddin ana sauya wani kaso na ruwan kowane mako.

A duba wutar da famfon ke ci. Nijar, Kamaru, Cadi da Gana suna amfani da bolt 220 zuwa 230, yayin da kayan da aka ƙera don Amurka na bolt 120 ne.

Kafawa da saiti

A wanke ta da ruwa zalla, ban da sabulu. A ajiye ta a zurfin da kamfanin ya faɗa, yawanci santimita 15 zuwa 20, a sashen tankin da ruwansa ba ya hawa da sauka. Idan zurfin ya yi yawa, a ɗora ta a kan ɗan dandamalin roba. A bar fili a sama don cire kofin.

Mako ɗaya zuwa biyu na farko kumfar ba ta daidaita, saboda maiƙon masana'anta da ke jikin robar. A buɗe mafitar ruwa sosai, a bar kumfar a ƙasa. Bayan haka a riƙa rufe mafitar kaɗan-kaɗan, ana jiran awanni tsakanin kowace juyawa, har kumfar ta kai gindin kofin. Abin da ake nema shi ne ruwa mai launin shayi mai ƙarfi. Idan ya fito tsararo kuma kofin na cika da sauri, ruwan gishiri ake asara, kuma gishirin akwatin zai ragu duk lokacin da aka cike gurbin da ruwan daɗi.

Kulawa da abubuwan kiyayewa

A zubar da kofin, a goge wuyan sau ɗaya ko biyu a mako, domin datti a wuya yana karya kumfa. Bayan ƴan watanni a jiƙa famfon a ruwan kal don narkar da farar ƙasar da ta daskare, a kuma wanke bututun iska da gishiri ke toshewa.

Idan aka ɗauke wuta, ruwa yana gangarowa ya cika tankin ƙasa. Wutar na dawowa sai na'urar ta yi ambaliya, dattin kofin ya koma cikin ruwa. A cire ta daga soket, a mayar bayan ƴan mintuna da ruwan ya koma matsayinsa. Kuma tun da iskar ɗaki take zuƙa, a kashe ta kafin a fesa maganin sauro ko a kunna turare, a rufe akwatin, kada a kunna sai iskar ɗakin ta washe.