Daga Kwalejin Katsina Zuwa Yau: Tarihin Raguwar Ɗalibai a Kwalejojin Horon Malamai

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan kusan ɗalibai miliyan biyu ne kan zauna jarrabawar shiga manyan makarantu ta hukumar JAMB a kowace shekara. Amma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu kan sa kwalejin ilmi a matsayin zaɓin farko, har ma kwalejoji da yawa ba sa iya cike gurabun da aka ware musu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda makarantar da a da ake rububin shigarta ta koma wadda ake shiga bisa tilas, sa'an nan ta nuna abin da hakan ke nufi ga koyar da Hausa.

2.0 Zamanin Daraja

An buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Clifford kuma ya yi bikin buɗe ta a 1922. Aikinta shi ne samar da malamai ga makarantun larduna, waɗanda daga baya suka zama makarantun midil. A wancan lokaci babu wata makarantar boko da ta fi ta a Arewa, saboda haka duk yaron da ya yi fice can ake aika shi. Ahmadu Bello ya fito daga cikinta ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi, Abubakar Imam kuwa a ta Katsina kafin ya koma aikin talifi a Zariya. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, kuma a can Malam Aminu Kano ya yi karatu kafin ya koyar a Bauchi da Maru.

Abin lura a nan shi ne, darajar kwalejin ta dogara ne a kan abubuwa biyu. Na farko, ita ce kusan ƙofa ɗaya tak ta zurfafa ilmin boko. Na biyu, malamin makaranta mutum ne mai albashi tabbatacce a garin da masu albashi ba su da yawa. Da waɗannan sharuɗɗa biyu suka gushe, darajar ma sai ta fara bin su.

3.0 Zamanin Faɗaɗawa

Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya nuna irin ƙarancin ƙwararrun malamai da ƙasar ke fama da shi. A sakamakon haka aka kafa manyan kwalejojin horon malamai masu ba da takardar NCE, ciki har da ta Zariya a 1962 da ta Kano a 1964. A ƙasa da su kuma akwai kwalejojin da ke ba da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu. A cikinsu ɗalibi kan samu abinci da makwanci kyauta, da ɗan alawus, ga kuma aiki na jiransa ranar da ya gama. Ga ɗan talaka wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan uku. Don a cike giɓin aka buɗe sababbin kwalejoji cikin gaggawa, aka gajarta wa'adin horo, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da waɗanda ke bakin aiki. Ba a taɓa samun yawan ɗaliban malanta kamar na wannan lokaci ba. Sai dai garaje ba ƙarfi ba ne, domin yawan ya zo da raunin inganci, jama'a kuma suka fara kallon malanta a matsayin aikin da kowa ke iya yi.

4.0 Zamanin Koma Baya

Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, jihohi da dama suka kasa biyan albashin malamai a kan kari. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara zaftare ƙimar abin da ake biya. An kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi, aka sake kafa ta a 1993. Yaron da ya ga malaminsa na cin bashi a wurin mai kanti ba ya bukatar a ba shi shawara game da sana'ar da zai guje wa.

Daɗin daɗawa, manufar ilmi ta ƙasa, a bugunta na 1998, ta sa NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Da haka aka rufe babin kwalejojin daraja ta biyu, aka mayar da yawancinsu makarantun sakandare. Niyyar ita ce ɗaga darajar sana'ar, amma an rasa hanyar da ke kama yaro tun yana ƙarami ta raine shi a kan malanta. Sa'an nan a 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejoji wuri ɗaya. A 2022, alal misali, an sa maki 140 a matsayin mafi ƙaranci na shiga jami'a, 100 kuma na kwalejin ilmi. Saƙon a fili yake: kwaleji wurin wanda jami'a ta ƙi ne. Ga shi kuma mai NCE, bayan shekara uku, sai ya ƙara wasu shekaru a jami'a kafin ya kamo wanda ya shiga digiri kai tsaye.

5.0 Kammalawa

Manufar ilmi ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa a farkon firamare. Wanda zai aiwatar da irin wannan tanadi shi ne malamin da ya karanta Hausa a kwaleji, ya san ƙa'idojin rubutu da nahawu, ba wanda ya tsotsi harshen kawai ba. Idan azuzuwan kwalejoji suka yi fayau, sassan Hausa na jami'o'i ma sun rasa wata babbar mashigar ɗalibansu.

An ɗauki wasu matakai. Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, dokar 2023 kuma ta ba kwalejojin ilmi na tarayya izinin ba da digiri tare da NCE. Amma tarihin da aka bibiya ya nuna cewa ba sunan takarda ba ne ya cika Katsina da haziƙai, a'a, matsayin malami ne a cikin gari. Muddin albashinsa bai isa ya riƙe gida ba, to, iyaye za su ci gaba da nuna wa 'ya'yansu wata ƙofar.