Tarihin Ɗurin Harsashi da Hannu da Samuwar Bindigar Magnam a Ingila da Amurka

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin wata sana'a da ta bunƙasa a tsakanin maharban Amurka, wato ɗurin harsashi da hannu, musamman na bindigogin farauta masu tsananin gudu da ake kira magnam. Manufa ita ce a nuna cewa waɗannan bindigogi ba masana'antu kaɗai ne suka haife su ba, akwai hannun ɗaiɗaikun maharba da suka riƙa gwaji a gidajensu. Kalmomin da za a yi amfani da su a nan su ne: kwanso, wato mazubin tagulla, ƙyastu, ɗan abin da ke tayar da wuta a gindin kwanso, albarushi, sai ƙwaya, wadda ita ce ke fita ta sami dabba. Haɗuwar huɗun nan ne harsashi. Ita kuwa kalmar magnam asalinta Latin ne, ma'anarta babba, kuma masu ƙera bindiga a Ingila sun aro ta ne daga sunan wata ƙatuwar kwalbar giya mai cin lita ɗaya da rabi.

2.0 Daga Ɗurin Baki zuwa Kwanso

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, kowane maharbi shi ke ɗura bindigarsa ta baki, kamar yadda maharbanmu ke yi wa adaka. Zuwan kwanson tagulla ya ɗauke wannan aiki daga hannunsa ya kai shi masana'anta. Sai dai kwanso, wanda shi ne ɓangare mafi tsada, ba ya lalacewa da harbi ɗaya. A 1866 aka sami nau'i biyu na ƙyastu: na Edward Boxer, Bature ɗan Ingila, da na Hiram Berdan, Ba'amurke. Abin mamaki, Amurka ta rungumi ƙirar Boxer, ƙasashen Turai kuma suka daɗe a kan ta Berdan. Kwanson Boxer rami ɗaya ne da shi a tsakiya, saboda haka da tsinken ƙarfe ake ture tsohon ƙyastu a sa sabo. Wannan sauƙi na daga cikin dalilan da suka sa sana'ar ta kafu a Amurka. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal domin sayar da kayan ɗuri na hannu.

A shekarar ta 1884 ne kuma Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa, Ingila ta biyo baya da nata, kodayit, a 1889. Sabon albarushin ya ƙara gudun ƙwaya, amma ya zo da sharaɗi: ba a auna shi da ido ko da cokali kamar baƙin albarushi, domin ɗan ƙari kaɗan na iya fasa bindiga a hannun mai ita. Daga nan sikeli ya zama tilas.

3.0 Magnam na Farko

A 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 H&H Magnum domin masu farautar manyan namun daji a Afirka da Indiya. Kodayit yana ƙara matsi idan ya sha zafin rana, don haka aka yi kwanson dogo mai tsukewa zuwa gaba, yadda zai fito daga bindiga ba tare da ya maƙale ba, aka kuma yi masa ɗamara a gindi mai tsayar da shi daidai. A 1925 aka tsuke bakin wannan kwanso aka sami .300 H&H. Sunansa ya fito a Amurka a 1935, lokacin da Ben Comfort ya ci gasar Kofin Wimbledon ta harbin yadi 1,000 da shi.

4.0 Gudunmawar Masu Ɗurin Hannu

Kwanson Holland shi ne ya zama abin gwajin Amurkawa. Sukan sauya masa fasali su sami harsashin da babu irinsa a kasuwa, wanda suke yi wa laƙabi da sunan kyanwar daji. Fitaccensu shi ne Roy Weatherby, wanda ya buɗa kafaɗar kwanson domin ya ci albarushi mai yawa, ya kuma kafa kamfaninsa a Kalifoniya a 1945. Aƙidarsa ita ce gudu ya fi nauyin ƙwaya amfani wajen kayar da dabba. Ƙwaya mai nauyin giram 11.7 da ke fita daga bindigar .30-06 da gudun mita 820 a daƙiƙa, a .300 Weatherby tana kusantar mita 970.

Gudu irin wannan ya haifar da matsaloli uku. Ta farko ita ce albarushi, domin babban kwanso mai ƙaramin baki yana buƙatar mai ci a hankali. A 1947 Bruce Hodgdon ya fara sayen rarar albarushin soja da ya rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana sayar wa jama'a da araha. A cikin abin da ya fitar daga baya akwai mai lamba 4831, wanda asalinsa na igwa mai baki milimita 20 ne, sai aka tarar ya dace da magnam.

Matsala ta biyu ita ce ƙwayar kanta. A 1946 John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabba ta dangin barewa da ake kira mus a yammacin Kanada, da bindigar .300 H&H. Taɓo ya bushe a kafaɗar dabbar, ƙwayoyin suka riƙa tarwatsewa ba su shiga can ciki ba. Wannan ya sa ya ƙera ƙwaya mai shamaki a tsakiya: gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da ratsawa. Ya fara sayar da ita a 1948, kuma masu ɗurin hannu ne kasuwarsa ta farko. Abin lura a nan shi ne, ƙarin gudu ba tare da ƙwaya mai juriya ba yana ƙara yawan dabbobin da ake ji wa rauni su tsere su mutu a wahale.

Ta uku ita ce matsi. Ƙungiyar SAAMI, wadda masana'antun Amurka suka kafa a 1926, ita ke tsayar da iyakar matsin kowane harsashi, kuma magnam na aiki ne dab da ƙarshen abin da tagulla ke iya ɗauka. Mai ɗuri a gida ba shi da na'urar auna matsi. Abin dogaronsa littattafan ma'auni ne da kamfanoni ke bugawa bayan gwaji, da kuma alamun da yake karantawa a jikin kwanso bayan harbi, alamun da sau da yawa ba sa bayyana sai an riga an ƙetare iyaka. Ban da haka, zafin wutar na saurin cinye maƙogwaron bindiga, kamar yadda aka yi ta kuka da .264 Winchester Magnum.

5.0 Kammalawa

Da manyan kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka shigo. Winchester ya fitar da .458 a 1956, da .338 a 1958, da .300 a 1963, Remington kuma ya fitar da nasa mai milimita 7 a 1962, dukkansu da ɗamarar nan ta Holland a gindi. Daga abin da ya gabata za a iya fahimtar cewa aikin da masana'anta ta karɓe daga hannun maharbi a ƙarni na 19 ya dawo hannunsa ta wata hanyar, har shi ne ya nuna wa masana'antar abin da za ta sayar a ƙarni na 20. Bambancin shi ne, maharbin da ya yi kuskuren awo a zamanin baƙin albarushi yawanci dabba yake rasawa, na zamanin magnam kuwa yana iya rasa idonsa ko hannunsa.